Ranar da Na Auna Gonar Baba Tanko

Akwai rana ɗaya a aikin nan da na yi iyakar yina in manta da ita, ta ƙi. Ita ce ranar da na zagaya gonar wani tsoho, Baba Tanko, da waya a hannuna, a daminar shekarar korona. Malam Lawal, malamin gonan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce tunda an ɗauke ku sababbi za a tura ku ƙauyuka rajistar manoma, in tsaya a gabanku in ba ku labarin da bakina. Na ce masa wallahi ba zan iya ba, akwai inda in na zo muryata ɗaukewa take yi. Ya ce to in rubuta. Ga shi na rubuta. In kun ga ina maimaita magana, ku yi haƙuri da ni.

Sunana Murja, a cikin garin Daura aka haife ni. Lokacin da cutar ta zo na gama sakandare ina zaune a gida, ba karatu ba sana'a. Kun dai san yadda aka yi: aka kulle gari, aka hana cin kasuwa, iyakar Kongolam da ke tsakaninmu da Nijar dama a rufe take. Mutumin ƙauye yana da akuya ba inda zai kai ta, yana da gyaɗa ba mai saye. Da yawa irin da suka ajiye don shuka shi suka daka suka ci. Da damina ta kama sai gwamnati ta ce za ta ba ƙananan manoma tallafi, ɗan kuɗi ta waya da takin zamani. Aka nemi matasan da suka iya latsa waya, na ba da sunana, aka ɗauke ni wucin gadi.

Ga wanda bai san tsarin ba: akwai babban jami'i a sakatariyar ƙaramar hukuma, ƙarƙashinsa malaman gona irin su Malam Lawal, kowanne da yankinsa, sannan mu masu ɗaukar bayanai a can ƙasa. Mutanen ƙauye ba su wahalar da kansu da wannan dogon suna, "'yan waya" kawai suke ce mana. A horon da aka ba mu, abin da aka fi nanatawa shi ne tallafin na mai noma ne, ba na mai gona ba. An ce a da in aka kawo taki, masu manyan riguna ne ke fitowa daga birni su kwashe, wanda ke duƙe da fartanya bai ga ko ƙwara ba. Don a toshe wannan ƙofar aka fito da aune. Manomi zai dangwala yatsa, sannan ya shiga gaba ana binsa da waya, a bi iyakar gonar har a zagayo inda aka fara, wayar tana zana siffarta. A kira maƙwabtan gona biyu su shaida cewa shi ke nomanta, a ɗauki hotonsa a tsakiyar shuka, sai a danna "tura". An ja mana kunne cewa in ya tafi ya tafi ke nan, ba mai iya goge shi a nan, don kada wani ya karɓi na goro ya sauya suna. A filin ƙwallon wata firamare muka koyi zagayen, muna bin juna kamar agwagi, muna ta dariya.

Ni a lokacin na ga tsari ne mai kyau ƙwarai. Har yau ma ban ce waɗanda suka shirya shi mugunta suka nufa ba.

Ranar Laraba ce, ana saura kaɗan babbar salla, an yi ruwa da asuba. Yankinmu wasu ƙauyuka ne a ƙasar Zango, ba zan faɗi sunan wannan ba. Mu bibbiyu ake turawa, amma abokiyar aikina ta tashi da zazzaɓi, kuma a shekarar nan ko atishawa ka yi sai a ce ka zauna gida. Motar ofis ta sauke ni a bakin gonakin gabas. Malam Lawal ya ce zai wuce ƙauyen gaba, ya dawo ya ɗauke ni bayan azahar. Ban ji tsoro ba, don mun riga mun yi aiki a garin jiya, har fura aka ba mu.

Baba Tanko na fara tararwa. Dogon tsoho ne siriri, wando naɗe zuwa gwiwa, gemu fari fat. Geronsa ya wuce gwiwa, kore shar, ba ciyawa ko ɗaya, ya sa wake a tsakani. Duk gonakin da na shiga a makon ban ga mai kyanta ba. Na yi sallama, ya ɗago ya gan ni da takunkumi a fuska, sai ya fashe da dariya.

"Wa ya ɗaure miki baki, 'yata? Mu nan jakin da ke cin dawar mutane muke yi wa haka."

"Baba, doka ce."

"To ki gaya wa doka ni ba abin da za ki kwasa a wurina sai talauci, shi kuma ba ta hanci yake shiga ba."

Na yi masa bayani, ya dangwala yatsa, da ƙyar ma wayar ta karɓa saboda kantar da ke hannunsa. Da na ce to saura mu zagaya iyaka, sai dariyar ta ɗauke.

"Sai an taka iyaka?"

"Eh, Baba."

"Ba za ki tsaya nan ki ƙiyasta da ido ba? Ga ta nan ai, daga gawon can zuwa gambar nan."

"Wayar ba ta karɓa. Kuma sai da shaidu biyu."

"Har da shaidu."

Ya ajiye fartanya a hankali. Ya ce, "Gonar aro ce fa."

Ya ba ni labarin a taƙaice. Da ya zo garin da amaryarsa, tun kafin a haife ni da daɗewa, ba shi da ko inda zai kafa fartanya. Wani mai hali, marigayi Alhaji Barau, ya nuna masa wannan gona ya ce ya riƙa nomawa. Ba haya, ba jingina. Duk kaka Baba yana ɗaukar dami guda ya kai ƙofar gidan Alhaji, ba don biya ba, don gari ya ga har yanzu ya san mai gona. Bai taɓa dasa ko itace ɗaya a ciki ba, domin wanda ya dasa itace a gonar aro kamar ya ce ya zauna ke nan. Alhaji ya rasu, ya ci gaba da kai wa 'ya'yansa damin.

Na faɗa masa abin da aka koya mana, yadda aka koya mana: ba ruwan gwamnati da mai gona, mai noma take nema, kuma wannan ba takardar mallaka ba ce. Sai ya ce a cikin kulle ya rabu da tunkiyarsa ta ƙarshe a wulaƙance, ga marayun ɗansa a gida, rumbu kuma ya kusa ƙasa.

"Bismillah," ya ce. "Allah Ya san zuciya."

Ya ƙwala wa maƙwabtansa biyu kira. Ɗaya daga cikinsu, Ɗan'azumi, irin mutanen nan ne da ba su iya ganin abu su yi shiru. Muka jera, Baba a gaba, ni a bayansa da waya, su biyu suna biye. Muna cikin tafiya Ɗan'azumi ya ɗaga murya, "Jama'a ku shaida! Yau Tanko ya yi gona, hukuma da kanta ta zo!" Ɗayan ya ce masa, "Kai dai bakinka ba ya azumi." Akwai wasu mata a kan turba da suka kawo wa masu noma abinci za su koma gari, suka tsaya suna kallonmu. Muka gama zagaye, na ɗauki hoton, Baba ya gyara hula ya ƙame kamar soja. A gindin gawo sabis ya kawo, na danna, alama ta yi kore. Na yi masa sallama na wuce gonar Ɗan'azumi, wadda ke manne da tasa.

Ina cikin fama da yatsan Ɗan'azumi, shi ma wayar ta ƙi karɓa, sai na hango shanun huɗa guda biyu sun fito daga gari da garma, mutum biyu na tare da su. Lokacin huɗa ne, ko'ina ka duba shanu ne a gonaki, don haka ban kawo komai a raina ba. Da na ga sun shiga gonar Baba Tanko har na ce a zuci, Allah sarki, an zo taya tsoho. Ga waɗanda ba su taɓa gani ba a cikinku: in ana huɗa, shanu tsakanin layukan gero suke bi, garma tana tura ƙasa gindin shuka. Mai riƙe da garmar nan bai bi layi ba. Ya juya shanun ya sa su a gicciye, ya danna garma ƙasa, ya zabga musu bulala.

Ɗan'azumi ya fizge hannunsa daga kan wayar. "Innalillahi! Sama'ila ne."

Ban taɓa jin ƙarar ɗanyen gero yana karyewa ba sai ranar. Ba wata ƙara ce mai ƙarfi ba, ƙas-ƙas-ƙas ce kawai a ƙarƙashin kofato, ga garma a baya tana tumɓuke shi tana kifar da saiwarsa sama. Warin ɗanyen ganye ya cika wurin. Ni 'yar birni ce, amma an rene ni a kan ko lomar tuwo ce ta faɗi ƙasa sai ka ɗauka. Ga mutum, a shekarar da mutane ke kwana da yunwa, yana nome abinci da rana tsaka. Wallahi da farko na ɗauka mahaukaci ne.

Ba mahaukaci ba ne. Babban ɗan marigayi Alhaji Barau ne. Daga baya na ji cewa a Legas yake sana'a, kulle ya kashe sana'ar, ya dawo da iyalinsa a ɓoye a bayan motar kaya, hannu wofi. Matan nan na kan turba su suka kai labari gari, cewa Tanko ya kira hukuma da shaidu ana taka iyaka.

Baba Tanko ya taho da gudu, ya faɗi, ya tashi, ya zo ya tsaya a gaban shanun ya buɗe hannuwa. Ƙanin Sama'ila, wanda ke riƙe da igiya, ya ja su suka tsaya.

"Sama, ɗana, me ya yi zafi? Me geron ya yi maka?"

"Kauce, Tanko."

Duk wanda ke wurin sai da ya kama baki. Tsohon da ya ɗauke shi a kafaɗa yana ƙarami, ya kira shi da suna gatsau, ba Baba ba Malam.

"Ubana ya kwanta dama ka ga gida ba kowa, ko? Ka kira shaidu, ka kira hukuma, ka taka iyaka kowa yana kallo. Saura me?"

"Tallafi ne, Sama. Taki ne kawai."

"Da taki ake cin gona yanzu! Gara in nome ta in ga wanda zai ci."

Ya fizge igiyar daga hannun ƙaninsa, ya kewaye tsohon, ya sake kora shanun. Mutane na ta gudowa daga gonaki, amma ba wanda ya yi saurin riƙe shi, ina jin mamaki ne ya daskarar da kowa. Ya je ƙarshe ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Baba yana binsa a baya yana ɗaga geron da ya kwanta yana tura masa ƙasa da hannu, yana sake faɗuwa. Sai idon Sama'ila ya faɗo kaina.

"Ke! 'Yar waya! Zo nan."

Ban je ba. Shi ya zo. Idonsa jawur, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, bulalar tana hannunsa. Ya ce in ba shi wayar ya fasa ta a kan garma. Wayar ofis ce, na sa hannu na karɓe ta, amma ba wannan ya hana ni ba, da zan iya da na jefa masa. Hannuna ne ya ƙanƙame ta ya ƙi buɗewa. Ina so in ce masa ko ya fasa ba amfani, an riga an tura, bakina yana motsi ba abin da ke fita. Ya ɗaga bulalar. Na rufe ido. Na ji ƙararta, tsal, amma ban ji zafi ba. Da na buɗe ido, bayan Baba Tanko ne a gabana, rigarsa ta tsage daga kafaɗa, jini ya fara tsattsafowa.

"Baƙuwa ce," ya ce. "Aiko ta aka yi. In duka ne, ga ni."

Sama'ila ya dubi bulalar kamar ba shi ke riƙe da ita ba, ya sake ta ta faɗi. Nan ne maza suka riƙe shi, wasu suka kwance shanun. Kusan rabin gonar ya tafi. Wata tsohuwa da ban sani ba ta ja ni gefe ta zaunar da ni, tana shafa mini ruwa a fuska tana cewa in yi salati. Ita ta ce in kira shugabana. Na kasa nemo lambar, sai wani ne ya karɓa ya nemo mini.

Bayan azahar aka zauna a ƙofar mai gari. An shimfiɗa tabarmi, gari duka ya fito, ba wanda ya tuna da wata tazara. Aka ba ni wuri a gefe kusa da tsofaffin mata. Mai gari dattijo ne mai sanyin magana. Ya fara da Malam Lawal.

"Malam, da ka zo mini ka ce sunayen manoma za a rubuta. Ba ka ce mini za a taka iyaka ba."

"Ranka ya daɗe, aune ne kawai, don a san gonar gaske ce, a san takin da za ta ci."

"A garin nan, tun kakanninmu, ba a taka iyakar gona da shaidu sai in an sayar da ita ko ana rabon gado. Wanda ya shiga gaba a ranar, shi ne mai ita. Gonakin da kuka auna jiya masu su ne suka shiga gaba, shi ya sa ba ku ji komai ba."

Malam Lawal ya rantse, ya sake rantsewa, cewa abin da ke cikin wayar ba ya ba kowa gona. Sai Sama'ila ya nemi magana. Muryarsa ta sauka, kamar ba shi ba.

"Ranka ya daɗe, da na dawo nan na zo na ce ina son gonar. Ka ce in bar Baba ya yi daminar nan saboda ubana. Na bari. 'Ya'yana a gidan ƙanina suke cin abinci. Yau hotonsa yana wurin gwamnati, a tsakiyar gonar ubana, da shaidu. Ni na san Baba ba zai ci ba. In ya mutu fa? Jikokinsa su girma, wani ya zuga su, su ɗauko hoton nan su kai kotu. Wa zai tsaya mini? Ɗan'azumi?"

Ba wanda ya yi dariya. Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke.

Malam Lawal ya ce, "Wallahi kotu ba za ta dubi wannan ba."

Mai gari ya ce, "Kai ne za ka zama alƙali a ranar, Malam?"



Baba Tanko yana zaune an yafa masa wani mayafi a baya. Ya gyara murya. "Ai abu mai sauƙi ne. 'Yata, goge. Na fasa takin, na fasa kuɗin. Goge a gaban kowa, a sha ruwa a tashi."

Duk suka juyo suna dubana. Ban taɓa ganin idanu da yawa haka a kaina ba.

"Baba, ba ya goguwa."

"Ba a cikin wayarki yake ba?"

"Ya tafi, Baba. Tun a gindin gawo."

"To a kira shi ya dawo mana."

Malam Lawal ya tashi ya kira sakatariya, ya buɗe muryar wayar kowa yana ji. Suka ce ba a nan ake gogewa ba, sai dai a rubuta can sama, ba su san ranar da amsa za ta zo ba, kuma ba su taɓa jin an goge na wani ba. Ya kashe wayar ya zauna.

Can Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji amana ya ba ni. Ba shaida ko ɗaya, ba takarda, hannu kawai ya nuna ya ce noma. Ba zan je in same shi ana cewa na nemi cinye wa 'ya'yansa gona ba. Tunda abin nan ba ya fita, ni zan fita. Na mayar."

Mai gari ya yi ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Ya ce ba a karɓar gonar aro da shuka a ciki, Baba zai girbe abin da ya rage, bayan kaka ya miƙa. Ya ce Sama'ila zai biya ɓarna, ga kuma duka, in Baba yana so a kai maganar gaba sai a kai. Baba ya ce ya yafe duka biyun, ba zai kai ɗan Alhaji ƙara ba ko da kansa aka fasa. Sama'ila ya cire hula ya rufe fuska da ita, yana kuka kafaɗunsa na girgiza. Na yi ta jira ya ce, Baba riƙe gonarka. Ina jin kowa shi yake jira, har mai gari ya ɗan ja lokaci yana gyara rawani. Bai ce ba. Aka shafa fatiha.

Muka dawo Daura. Na isa gida na kwanta jikina yana ɓari, Inna ta ɗauka cutar na kwaso, har ta keɓe mini kwano da kofi. Sai bayan salla na iya gaya mata abin da ya faru. Malam Lawal ya rubuta yana neman gogewar, ya sake tunatarwa, shiru. Ni kuma ya mayar da ni tebur a ofis, domin da aka sake fita da ni na hangi shanun huɗa a bakin hanya, numfashina ya riƙa yin sama-sama sai da aka tsayar da mota.

Tallafin bai zo a daminar ba. Kuɗin ya shiga wayoyi bayan an gama girbi, takin kuwa sai da bazara ta kama ana sharar gona. Ranar rabo a harabar sakatariya ni ce a tebur, kowa ya zo ya dangwala yatsa a tabbatar shi ne, sannan a ba shi buhunansa. Na ɗago kai in karɓi hannu na gaba, sai na ga Baba Tanko. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"A'a, 'yar waya, kina nan? Zauna mana, ni ba gwamna ba ne."

Na gaishe shi. Na tambayi bayansa, ya ce fata ce, ta daɗe da mantawa. Na tambayi Sama'ila.

"Ya koma Legas tun bayan kaka. Noma ba na kowa ba ne, 'yata. Ya ba wani ɗan kasuwa na Mai'aduwa hayar gonar, ya samu na mota da ɗan jari."

"Kai fa, Baba? Ka samu wata?"

"Wa zai ba da aro yanzu? Tun ranar nan masu gona suka yi ta karɓe nasu, a garinmu da na kusa da mu. Kowa ya tsorata da waya. Ba ni kaɗai ba ne."

Masu layi sun fara ƙorafi a bayansa, wani yana cewa hira aka zo yi ko rabo. Na ce, "To takin fa? Ina za ka zuba shi?"

Ya yi murmushi. "Ɗan kasuwan ya ɗauke ni ƙwadago, ya ce ba wanda ya san ƙasar nan kamar ni. Shi zai sayi takin, yana waje da motarsa, mun gama ciniki tun a hanya. Ni zan zuba shi da hannuna, a gonar da kika auna. In manyanki sun tambaya, ki ce musu ya je inda aka aike shi."

Ya dangwala yatsa, aka ɗora masa buhunan a baro, ya bi bayansa yana ɗaga wa mutane hannu. Na roƙi wata ta riƙe mini tebur, na zagaya bayan ofis na daɗe ban fito ba.

Yanzu ga abin da Malam Lawal yake so ku ji, wanda ba ya cikin takardar horonku, shi ya ƙara shi a yankinmu. Kafin ku fito da waya daga jaka, ku tambayi manomi gonar wa ce. In ya ce tasa ce, ku tabbatar a wurin mai gari. In ya ce aro ce, kada ku taka ko'ina. Ku je gidan mai gonar tare da wakilin mai gari, ku gaishe shi, ku yi masa bayani. In ya yarda, shi ko magajinsa zai shiga gaba a zagayen, mai aro yana bayansa, kuma a faɗa da ƙarfi a gaban shaidu cewa aro ce. In bai yarda ba, ku dawo ku faɗa mana. Wannan zai ja muku lokaci, za a kira ku daga sama a ce aikinku ba ya sauri. Ku shanye faɗan, ba ya kashe kowa.

Abin da ni na gane kuwa, a cikin mutanen nan duka ba ɓarawo ko ɗaya. Aikinmu an gina shi ne a kan kama maƙaryata, a filin nan kuwa kowa gaskiya ya faɗa. Har yau ina tsoron fuskar Sama'ila, wani lokaci ina ganinta a barci, amma ba zan iya rantsuwa cewa tsoronsa na banza ne ba. Mutanen ƙauye suna riƙe da juna da abubuwan da ba a rubuta ba, dami guda a kaka, maganar da aka yi da wanda ya riga ya mutu. Abin yana da ƙarfi har ya ciyar da gida shekara da shekaru, amma mu in muka zo da namu da ba ya goguwa, a wuni ɗaya yana iya tsinkewa. Ku shiga gonar mutane da tsoro, ko da alheri kuka kawo.

A rahoton da aka tura sama a ƙarshen shirin, Baba Tanko yana cikin manoman da tallafi ya kai gare su. A gaban sunansa an rubuta "an kammala". Ni na buga shi.